Kukan Ɗalibi a Jami'a: Wa Zai Ji, Ina Kuma Za a Kai Shi?

Manufar darasi

An shirya wannan darasi domin iyaye, da matasan da ke manyan makarantu, da shugabannin ikilisiya. Manufarsa uku ce: a gane abin da ake nufi da cin zali da tsangwama a makaranta, a san ƙofofin da ɗalibi zai ƙwanƙwasa idan abin ya same shi, a kuma shirya gida da ikilisiya su zama wurin da zai fara kawo kukansa ba tare da fargaba ba. An ɗauki misali daga iyalan Arewa mazauna Ibadan, amma abin da ke ciki zai amfani kowane iyali da ke da ɗa ko 'ya a jami'a.

Gabatarwa

Kasuwar Shasha tana cikin ƙaramar hukumar Akinyele, a arewacin birnin Ibadan, gab da hanyar da ta nufi Oyo da Ilori. A nan manyan motoci suke sauke tumatir da tattasai da attarugu da albasa daga Kano, Katsina, Sakkwato da Filato. Can cikin gari kuma, kusa da Mokola, akwai Sabo, unguwar da aka keɓe wa Hausawa tun 1916. A cikin dubban mutanen Arewa da ke neman abinci a waɗannan wurare akwai Kiristoci masu jin Hausa: mutanen Kudancin Kaduna, Filato, Bauchi, Gombe, Adamawa da Zuru, da kuma Hausawa masu bi daga ƙasar Kano da Katsina. Waɗansu 'yan kasuwa ne, waɗansu direbobi, waɗansu masu gadi, waɗansu kuma sojoji ne a barikin Odogbo da na Mokola.

Da kuɗin dako da ribar kwandon tumatir waɗannan iyaye suka ilimantar da 'ya'yansu, har waɗansu suka shiga Jami'ar Ibadan, wadda aka kafa a 1948, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ibadan, ko jami'o'in Ogbomosho da Ile-Ife. Daga Shasha zuwa ƙofar Jami'ar Ibadan tafiyar 'yan mintoci ce a mota. Wannan kusanci yakan sa uba ya saki jiki, ya ce ai yarinya tana nan kusa. Amma ɗaliba tana iya zuwa sujada tare da iyayenta kowace Lahadi, ta ci tuwon gida ta koma makaranta, alhali wata uku ke nan wani malami yana hana ta barci, ba wanda ya sani.

Mutanen Shasha sun san abin da ƙaramar magana take iya haifarwa. A watan Fabrairu na 2021 sa-in-sa tsakanin wani mai dako da wata mai shago ta kai ga mutuwar mutum, daga nan rikici ya ɓarke tsakanin Hausawa da Yarbawa, aka rasa rayuka, aka ƙone shaguna da gidaje, har Gwamna Seyi Makinde ya rufe kasuwar na ɗan lokaci. Wutar da aka kashe tun tana ƙyastu ba ta cin rumbu. Haka yake ga cin zali a makaranta: maganinsa ya fi sauƙi a makon farko.

1. Ire-iren cin zali a manyan makarantu

Akwai bambanci tsakanin saɓani da cin zali. Abokan ɗaki biyu suna iya yin faɗa a kan bokitin ruwa, su shirya kafin dare. Cin zali kuwa yana da alamu uku: ana maimaita shi, da gangan ake yi, kuma mai yin ya fi wanda ake yi wa ƙarfi, ko ta muƙami, ko ta yawan jama'a, ko ta wani asiri da ya riƙe. Ga waɗanda aka fi gani.

Na farko, neman lalata da ƙarfin muƙami. Malami ko ma'aikaci ya nuna wa ɗaliba, a fili ko a kaikaice, cewa makinta ko sa hannu a kundin bincikenta ya rataya ne ga amincewa da buƙatarsa. Yawan kira da dare, gayyata zuwa otal ko ofis bayan an tashi aiki, taɓa jiki, da maganganun batsa duk suna ciki. 'Yan mata aka fi yi wa, amma samari ma ba su tsira ba.

Na biyu, tatsar kuɗi. A tilasta wa ɗalibai sayen takardun darasi ko littafin malami, a rubuta sunan wanda ya saya, wanda bai saya ba ya ga sakamako a jarrabawa.

Na uku, barazanar ƙungiyoyin asiri. A 1952 Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa ƙungiyar Pyrates a kwalejin da ta zama Jami'ar Ibadan, da nufin yaƙi da ƙabilanci da girman kai. Daga baya waɗansu ƙungiyoyi suka ɓalle, suka yawaita, suka ɗauki makami. A ranar 10 ga Yuli 1999 'yan ƙungiyar asiri suka kashe ɗalibai biyar a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, har da George Iwilade, babban sakataren ƙungiyar ɗalibai. Sabon ɗalibi suke fara nema, su nuna masa alheri, su biya masa abinci, su yi masa alkawarin kariya. In ya ƙi shiga, sai barazana ta biyo baya. Yarinyar da ta ƙi soyayyar ɗan ƙungiya ita ma takan shiga haɗari.

Na huɗu, gori saboda ƙabila ko addini. Ɗan Arewa a Kudu yakan ji ana kiransa "aboki" ko "mola" da muryar raini, a yi dariyar yadda yake furta Turanci, a jingina masa laifin duk wani abin da ya faru a Arewa. Kirista ɗan Arewa kuwa yakan sha daga gefe biyu, gama waɗansu ba su yarda mai jin Hausa zai zama Kirista ba, waɗansu kuma suna ganinsa bare a cikin 'yan'uwansa. Wasa tsakanin abokai daban yake. Amma idan an hana mutum gado a ɗakin kwana, ko an fitar da shi daga rukunin karatu, ko an yi masa barazana saboda asalinsa, magana ta wuce wasa. Abin da ya faru a Sakkwato ranar 12 ga Mayu 2022, lokacin da taron jama'a ya kashe Deborah Samuel, ɗalibar Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, bayan wata magana a zauren WhatsApp na ajinsu, ya nuna iyakar inda abin yake iya kaiwa. Fadar Sarkin Musulmi da Bishop Matthew Hassan Kukah duk sun yi tir da kisan. Duk barazanar da ta shafi addini a ɗauke ta da gaggawa, a fitar da ɗalibin daga wurin tukuna, sa'an nan a yi maganar sauran.

Na biyar, cin zali ta waya da intanet. A yaɗa hoton mutum ko ƙarya a kansa a Facebook ko WhatsApp, ko tsohon saurayi ya ce zai watsa hotunan sirri in ba a ba shi kuɗi ko an koma gare shi ba.

2. Abin da ke sa ɗalibi yin shiru

Dalili na farko tsoron faɗuwa ne. Ɗalibar da ta san mahaifinta ya ci bashi kafin ya biya kuɗin makaranta ba ta son ta yi abin da zai ƙara mata shekara. Na biyu kunya ce, gama an tashe ta a gidan da ba a ambaton irin waɗannan abubuwa a gaban manya. Na uku tsoron zargi: tana jin za a tambaye ta wace riga ta sa, me kuma ya kai ta ofishinsa. Na huɗu, kuma wanda ya fi yawa a cikin iyalan da ke zaman baƙunci, shi ne tsoron a ce ta tattara kayanta ta dawo gida a yi mata aure. Saurayi kuma yana gudun a ce shi rago ne.

Akwai kuma tunanin da baƙo yakan yi, cewa nan garin mutane ne, wa zai saurare shi? Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya amsa wannan. Sashe na 34 ya kare mutuncin kowane mutum, sashe na 38 ya ba shi 'yancin addini, sashe na 41 ya ba shi damar zama a ko'ina cikin ƙasar, sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila, wurin asali, jinsi ko addini. 'Yar mai sayar da albasa a Shasha da 'yar farfesa hakkinsu ɗaya ne a gaban doka.

Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Iyaye su lura da waɗannan alamu: maki ya faɗi ba dalili, ɗa ya daina son komawa makaranta bayan hutu, yana firgita in waya ta yi ƙara, ya rame, ba ya barci, ya yawaita neman kuɗi ba bayani, ko ya janye daga zumunta da abokai. In ya fara maganar cewa ya gaji da duniya, kada a tsaya ga tsawatawa. A zauna da shi, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi ga likita a ranar.

3. Waɗanda suka yi magana

Mutane da yawa suna cewa kai ƙara ɓata lokaci ne. Abubuwa uku da suka faru a 'yan shekarun nan sun nuna ba kullum haka yake ba.

A 2018 wata ɗaliba mai karatun digiri na biyu a Ile-Ife ta naɗi muryar Farfesa Richard Akindele yana neman lalata da ita domin ya ƙara mata maki. Jami'ar ta bincika ta kore shi a watan Yuni. Hukumar ICPC ta gurfanar da shi a Babbar Kotun Tarayya da ke Oshogbo, ya amsa laifinsa, aka yanke masa ɗaurin shekara 2 a watan Disamba na wannan shekara.

A watan Oktoba na 2019 sashen binciken BBC na Afirka ya fitar da rahoton da 'yar jarida Kiki Mordi ta jagoranta, wanda aka ɗauka a ɓoye a Jami'ar Legas da Jami'ar Ghana. Jami'ar Legas ta kori malamai biyu a 2021. Ɗaya daga cikinsu fasto ne a wata ikilisiya, wadda ita ma ta sauke shi daga hidima. Wannan ya isa gargaɗi ga iyaye: riƙe Littafi Mai Tsarki a hannu bai isa shaidar hali ba.

A watan Agusta na 2023 ɗalibai mata na sashen koyon aikin lauya a Jami'ar Kalaba suka fito tare, ɗauke da kwalaye, suna ƙarar shugaban tsangayarsu, Farfesa Cyril Ndifon. Aka dakatar da shi, ICPC ta kai shi kotu, a watan Nuwamba na 2025 kuma Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke masa ɗaurin shekara 5.

Abu biyu ne suka yi aiki a waɗannan shari'u: hujja, da haɗin kai. Ba a ce hanyar tana da sauƙi ba. Shari'a takan ɗauki watanni ko shekaru, mai ƙara kuma yakan sha surutu. Shi ya sa bai kamata a bar ɗalibi ya bi ta shi kaɗai ba.

4. Matakan farko

1. A faɗa wa mutum ɗaya amintacce tun ranar farko: uwa, uba, yaya, matar fasto ko aboki na gari. Wanda aka faɗa wa da wuri yakan zama mai shaida daga baya.

2. A rubuta kome a littafi: rana, lokaci, wuri, abin da aka faɗa, da waɗanda suke wurin. Ƙwaƙwalwa tana mantuwa, takarda ba ta yi.

3. Kada a goge saƙo ko lambar da ta yi kira, kome munin abin. A ɗauki hoton saƙon, a aika wa wani amintacce ya ajiye, gama waya tana iya ɓata ko a ƙwace ta.

4. A ƙi sau ɗaya, a fili, cikin ladabi, in da hali a rubuce, domin kada a ce daga baya da yardar juna aka yi.

5. Kada a je ofis ko wani wurin ganawa ba tare da abokin tafiya ba, musamman bayan lokacin aiki.

6. A adana takardun gwaji da makin da aka samu kafin matsalar ta fara. Jami'o'i da yawa suna ba ɗalibi damar neman a sake duba takardar jarrabawarsa ta hannun waɗansu malamai, bayan ya biya kuɗin da aka ƙayyade.

7. Kada a biya mai barazanar watsa hoto. Wanda aka ba yau gobe zai dawo.

8. Kada a yi gaggawar watsa sunan mutum a intanet kafin a nemi shawarar lauya. Yin haka yana iya ba mai laifi damar juyawa ya kai ƙarar ɓata suna.

9. Kada a nemi kariya wurin wata ƙungiyar asiri, kada kuma a tara samarin unguwa domin ramuwa. A gari irin Ibadan, faɗan mutum biyu yana iya komawa na ƙabila biyu kafin faɗuwar rana.

5. Ƙofofin cikin makaranta

Kowace jami'a tana ba sabon ɗalibi littafin dokokinta. A ciki aka bayyana laifuffuka, da hukuncinsu, da hanyar kai ƙara. Ya kamata iyaye su karanta shi tare da ɗansu, ko su sa a fassara musu.

Idan matsalar tsakanin ɗalibai ce a ɗakin kwana, ana farawa da malamin da ke kula da ɗakin kwanan. Idan ta shafi darasi, akwai malamin da ke kula da aji, sai shugaban sashe, sai shugaban tsangaya. Idan wanda ake ƙara yana cikin waɗannan, ko abokinsu ne na kusa, ɗalibi yana da damar tsallakewa zuwa ofishin kula da harkokin ɗalibai, ko ya rubuta wa shugaban jami'a kai tsaye.

Jami'ar Ibadan tana da ofishi na musamman mai kula da daidaito tsakanin maza da mata, tana kuma da rubutacciyar manufa a kan neman lalata. Tana da asibitin ɗalibai da aka fi sani da Jaja, da sashen tsaro, da masu ba da shawara. A jami'o'in gwamnatin tarayya akwai kuma ofishin SERVICOM, shirin da aka kafa a 2004 domin karɓar koken jama'a a kan ma'aikata. Barazanar 'yan ƙungiyar asiri kuwa sashen tsaro da ofishin harkokin ɗalibai ake kai wa nan take, a asirce, a kuma nemi a sauya wa ɗalibin wurin kwana.

Ƙara ta baki iska takan kwashe. A rubuta takarda gajeriya mai kwanan wata, a faɗi abin da ya faru bi da bi ba ƙari, a lissafa hujjojin da ake da su, a bayyana abin da ake nema, kamar sauya malamin da ke duba kundin bincike. A yi kofi biyu, a sa ofishin ya buga hatimi a kan ɗaya, a riƙe shi. A tambayi ranar da za a ji amsa. In ranar ta wuce shiru, a sake rubutawa zuwa ofishin da ke sama, a haɗa da kofin takardar farko.

Majami'un cikin makaranta da zumuntar ɗalibai Kirista, irin su FCS da aka kafa a 1957 da NIFES da aka kafa a 1968, wurare ne na samun abokan tafiya da manyan da suka san makarantar. Ƙungiyoyin ɗaliban jihohin Arewa su ma suna iya raka ɗan'uwa ofis. Amma waɗannan masu rakiya ne, ba su da ikon hukunci. Kada a bar magana ta mutu a wurinsu.

6. Ƙofofin wajen makaranta

Idan an yi duka, ko fyaɗe, ko barazanar kisa, ko kuwa makaranta ta toshe kunne, sai a fita waje.

'Yan sanda: a kai rahoto ofishi mafi kusa, a nemi sashen da ke kula da mata da yara. Manyan laifuffuka a Jihar Oyo ana miƙa su sashen binciken da ke Iyaganku. A je da babba ko lauya. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, Jihar Oyo kuma tana da 615.

Hukumar ICPC, wadda aka kafa a 2000, tana ɗaukar neman lalata domin maki a matsayin cin amanar muƙami, daidai da karɓar rashawa. Hukumar Kare Hakkin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1995, tana da ofisoshi a jihohi, kai koke wurinta kuma kyauta ne. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, tun 1975, tana bin kadin wanda wata ma'aikata ta danne wa hakki, kamar riƙe sakamako ba dalili. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da Hukumar Ba da Agajin Lauya ta gwamnati suna taimakon marasa hali. Akwai kuma Ma'aikatar Harkokin Mata ta jiha a sakatariyar Agodi.

Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda jihohi da yawa har da Oyo suka yi irin tasu, ta haramta fyaɗe ga mace ko namiji, da bibiyar mutum, da tsoratarwa, da cin mutunci. Ta kuma ba kotu ikon ba da umarnin kariya, wato a hana mai barazanar kusantar wanda yake tsangwama. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta shafi barazana ta waya da kwamfuta.

Idan an yi fyaɗe, asibiti ne farko. Maganin da ke kare mutum daga ƙwayar cutar ƙanjamau dole a fara shansa cikin awa 72, gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. In da hali kada a yi wanka kafin likita ya duba, tufafin kuma a naɗe su a takarda, ba a leda ba. A Ibadan akwai Asibitin Koyarwa na Jami'a da asibitin Adeoyo. A Legas akwai cibiyar Mirabel tun 2013, a Jihar Kaduna akwai cibiyoyin Salama, har da Kafanchan da Zariya, a Kano akwai Waraka, a Sakkwato akwai Nana Khadija. Ko kwana uku sun wuce a je, gama akwai sauran magani da shawara.

7. Gafara da kai ƙara

Iyalai masu bi sukan tambaya ko kai ƙara ya saɓa wa koyarwar gafara. Labarai biyu suna taimakawa. A 2 Sama'ila sura 13, bayan Amnon ya ci zarafin Tamar, ɗan'uwanta Absalom ya ce ta yi shiru, sarki Dawuda ya husata amma bai hukunta kowa ba. Tamar ta zauna cikin baƙin ciki, bayan shekara biyu kuma jini ya zuba a gidan sarki. Shirun bai kawo salama ba. A Ayyukan Manzanni sura 23 kuwa, wani saurayi, ɗan 'yar'uwar Bulus, ya ji mutum fiye da 40 sun ƙulla makircin kashe kawunsa. Bulus ya sa aka kai shi wurin shugaban sojoji ya faɗi abin da ya ji, aka fitar da Bulus da dare ƙarƙashin tsaro zuwa Kaisariya.

Gafara tana cire ƙiyayya da neman ramuwa daga zuciya. Kai ƙara yana tsare 'yar wani da za ta zauna a ajin nan baɗi. Mutum yana iya yin duka biyun. Abin da bai dace ba shi ne dattawa su tilasta wa yarinya ta durƙusa ta yi sulhu da wanda ya cuce ta, ko a karɓi kuɗi a rufe magana don kare sunan wani, ko da shi mai muƙami ne a ikilisiya.

Gaskiya kuma tana da nauyi a ɗaya gefen. Yusufu ya shiga kurkuku a Masar saboda ƙaryar matar Fotifar, kamar yadda Farawa sura 39 ta nuna. Ɗalibin da ya faɗi jarrabawa don bai yi karatu ba, sa'an nan ya ƙaga wa malami sharri, ya yi zunubi, ya kuma sa an ƙi gaskata masu gaskiya. Malamai masu tsoron Allah suna da yawa, su ne ma sukan zama mataimaka na farko. A faɗi abin da ya faru kawai, a bar masu bincike su ji kowane gefe.

8. Aikin gida da ikilisiya

Kalmar farko da ta fito daga bakin uwa ko uba ita ce takan buɗe ƙofa ko ta rufe ta. Idan yarinya ta ce, "Mama, akwai malamin da ke damuna," amsar da ta dace ita ce, "Kin yi daidai da kika faɗa mini, ba laifinki ba ne, ba kuwa za a cire ki daga makaranta ba." Tambayoyi su zo daga baya, a hankali. Kada uba ya ruga makaranta cikin fushi, kada kuma a ɗauki mataki ba da sanin mai abin ba, gama ita ce za ta koma ajin.

A koya wa 'ya'ya maza cewa su ma za a tambaye su. Wanda ya yi dariya lokacin da ake wulakanta wani, ko ya tura hoton da aka aiko masa, ya sa hannu a laifin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ikilisiya tana iya yin abubuwa huɗu ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. Ta rubuta sunayen 'ya'yanta da ke manyan makarantu. Ta zaɓi mace ɗaya daga Zumuntar Mata da dattijo ɗaya, masu riƙe asiri, waɗanda ɗalibai za su iya kira. Ta san lauyoyi da ma'aikatan jinya da malaman jami'a da ke cikin membobinta. Ta kuma keɓe ɗan abu domin kuɗin mota da na asibiti. Kada a mai da asirin ɗalibi abin sanarwa da sunan roƙon addu'a. A Shasha da Sabo yana da kyau shugabannin ikilisiya su riƙe zumunci da sarakunan Hausawa, da limaman masallatai, da shugabannin Yarbawa na unguwa tun ana zaman lafiya, gama malamin da ke tsangwamar ɗaliba ba ya tambayar addininta, 'yar maƙwabci Musulmi ma tana bukatar wannan rakiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Mene ne bambancin saɓani da cin zali?
2. Wace magana ce iyaye sukan yi wadda take hana 'ya'ya kawo kukansu gida?
3. Idan shugaban sashe ne da kansa ake ƙara, ina ɗalibi zai nufa?
4. Me ya sa awa 72 na farko suke da muhimmanci?
5. Me labarin Tamar ya koyar game da shirun manya?

Kammalawa

Kafin ɗalibi ya koma makaranta bayan wannan hutu, iyali su zauna sau ɗaya su yi abu uku. Su karanta hanyar kai ƙara a littafin dokokin makarantarsa. Su rubuta a takarda, ba a waya kaɗai ba, lambobin mutum uku da zai kira ko da tsakar dare ne. Sa'an nan uba ko uwa su faɗa masa da bakinsu cewa duk abin da ya same shi, gida ne wurin farko da za a ji shi, kuma karatunsa ba zai tsaya don ya faɗi gaskiya ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Ubangiji ya tsare 'ya'yan da ke nesa da na kusa, ya ba iyaye kunnen saurare, ya ba masu riƙe da muƙami tsoronsa. Amin.